Uwar Kuɗɗi Dabam, Riba Dabam: Jawabin da anka yi ma ƴan makaranta a taron hutu

Muna gaida iyayenmu dattawa da malamai da sunka bar aikin gona sunka zo sunka zauna da mu. Muna gaida ƴan'uwanmu na wajen biɗa, waɗanda maganar ga za ta iske cikin takardar ƙungiya, ko Yamai suke, ko Kwatanu, ko Legas, ko Abijan. Ku kuwa ƙannenmu ƴan kwaleji da ƴan lise, ku matso kusa, don yau da ku muke.

Wasunku sun ce ana koya musu wani darasi mai suna kwantabilite, watau riƙon littafin kuɗɗi, da wani na tattalin arziki, amma ba su ga inda abin ya shafi Dogon Kiriya ba. Wai wannan aikin masu banki ne da manyan kamfanoni. To, ga tambaya guda. Mi ya sa a ƙauyukanmu na Arewa ake haɗa kuɗɗi a sayi injin niƙa, ko a buɗe shago, ko a cika mangazar bankin cimaka, shekara ta farko a yi guɗa, ta biyu a yi shiru, ta uku a iske gizo-gizo ya yi saƙa bakin ƙofa? In an tambaya sai a ce an ci kuɗɗin. Wani lokaci gaskiya ne an ci. Amma sau da yawa babu ɓarawo ko ɗaya. Mutanen kirki ne masu tsoron Allah sunka cinye uwar kuɗɗi, suna tsammani riba suke ci. Daga nan zumunci shi ɓaci, ɗan biɗa shi rantse ba shi ƙara aiko da ko dala, a bar wani dattijo da zargi har kabari. Darasin naku maganin wanga ciwo ne.

Mu fara da kalmomi uku. Uwar kuɗɗi, wadda wasu ke ce ma jari, ita ce dukiyar da anka zuba cikin sana'a don ta riƙa juyawa. Ciniki shi ne duk abin da ya shigo hannu daga mai saye. Riba kuwa ita ce abin da ya rage bayan an fid da kuɗɗin sayen kaya da dukan ɗawainiyar da anka yi musu. Mai tebur da ya ƙirga aljihu da magariba ciniki ya ƙirga, bai san ribarshi ba tukuna.

Ga misali, lambobin namu ne don a gane, ba farashin kasuwar yau ba ne. A ce mutum shina da jika 205. Ya sayi wake buhu 10 nan gida, kowane jika 18, ya biya jika 180. Ya kai Dutsi ya saida kowane jika 22, ya amshi jika 220. Shina komowa cikin mota shina murna, wai ya ci jika 40. Ya sai ma uwargida zane, ya biya wani tsohon bashi, ya yi gudummawar suna, jika 40 ɗin sun ƙare. Amma ya manta da kuɗɗin motar buhunna jika 10, da ƴan dako na ɗorawa da saukewa jika 4, da buhun wofi jika 3, da la'adar dillali jika 2 da rabi, da tikitin kasuwa jika 1, da motarshi shi kanshi da abincinshi jika 4 da rabi. Ku tara, jika 25 ke nan. Ribarshi ta gaskiya jika 15 ce. Ya tashi da 205, yanzu 180 gare shi. Kasuwa mai zuwa, in ya sayi buhu 10 babu kuɗɗin ɗaukarsu. In ya yi haka sau biyar ko shida, sai ku ji shina cewa an yi mashi sammu.

Kafin a kai ga littafi akwai wani tarko namu na Nijar wanda ba a faɗa muku a makaranta. Baki da dala shike ƙirga, takarda kuwa da tamma. Mu ce dala 20, a rubuta 100. Mu ce jika guda, watau dala 200, a rubuta 1.000. In tsohuwa ta ce ta ba da hamsin, kai ka rubuta 50, ka cuce ta, don 250 ta ba da. Saboda haka bisa kan kowane shafi ku rubuta da manyan baƙaƙe cewa lissafin ga da tamma ne na sefa, in kuma za ku karanta ma jama'a ku maida shi dala da jika. Haka ga tiya. Buhu mai kilo 100 na hatsi wajen tiya 40 ke cikinshi, amma tiyar wani ta fi ta wani ciki, kuma awon mai tozo dabam da na shafe. Ƙungiya ta zaɓi tiya guda, a yi mata alama, da ita za a saya, da ita za a sayar.

Littafin kanshi ba wuya gare shi ba. Kaye na makaranta ya isa. A ja layi a raba shafi gida biyar: rana, dalili, abin da ya shiga, abin da ya fita, saura. Kowane dala ya motsa a rubuta shi nan take, kada a ce sai dare. Irin wanga kaye uku ake so: na akwatin kuɗɗi, na kayan da ke mangaza, da na bashi. Dalilin ukun shi ne kowace harka ƙafa biyu gare ta. In an sayi hatsi buhu 10, kuɗɗi sun fita akwati, hatsi ya shiga mangaza. In an ba wani tiya 5 bashi, hatsi ya fita mangaza, sunanshi ya shiga kayen bashi. Wanda ya rubuta ƙafa guda ya bar guda, littafinshi gurgu ne. Amfanin abin kuwa, kayen nan uku suna tona ma juna asiri: in na mangaza ya ce buhu 7 sun fita, dole a ga kuɗɗin buhu 7 cikin na akwati, ko sunayen masu su cikin na bashi. Wanga tsari ne wani malamin lissafi na ƙasar Italiya, Luka Pacholi, ya buga cikin littafi a birnin Fenis a 1494. Ba shi ya ƙago shi ba, wajen fataken garin ya gan shi. Har yau da shi bankunan duniya ke aiki.

Kada ku ɗauka rubuta lissafi al'adar Nasara ce. Malamanmu na nan zaune, su shaida: ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take da kafa mashi shaidu. Iyayenmu mata masu saida fura da ƙuli-ƙuli, da ke jan layi da gawayi a bangon ɗaki in an ɗauki bashi, su ma littafi suke riƙo. Illa dai in an yi yaɓe shi ke nan.

Sau ɗaya a shekara kuma a yi awon dukiya gaba ɗaya, abin da littattafanku ke kira bilan. Hannun hagu a jera abin da ƙungiya ta mallaka: kuɗɗin akwati, hatsin mangaza, sikeli, buhunna, da bashin da take bin mutane. Hannun dama a rubuta bashin da ake bin ta. In an fid da na dama daga na hagu, abin da ya rage shi ne uwar kuɗɗi ta gaskiya. A gwada ta da ta bara. Nan ake sanin ko gaba anka yi ko baya.

Akwai wata ɗawainiya da ba ta zuwa da resi, ita ce ke kashe injin niƙa. Inji shina tsufa kullum, ko an biya ko ba a biya ba. A ce an saye shi jika 1.500, ana sa ran shi yi shekara 5. Ke nan kowace shekara shina cin jika 300 na kanshi, kowane wata jika 25. In an biya gazuwal da mai niƙa da gyara, anka raba sauran duka anka ce riba, to inji anka raba guntu-guntu ba a sani ba. Ran da ya tsaya sai a koma aika ma ƴan Legas takarda. Jika 25 ɗin nan a ware su kowane wata, a sa musu suna kuɗɗin tsufa, kada a taɓa su ko da biki ko da rasuwa. Mai amalanke da mai babur ɗin haya su ma haka ya kamata su yi.

Yanzu mu zo ga bankin cimaka, don nan ne maganar ta fi zafi, nan ne kuma kuɗɗin ƴan biɗa sunka fi shiga. Kowa ya san da kaka hatsi arha gare shi, don kowa na son sayarwa, ga bashi, ga aure, ga kuɗɗin motar tafiya biɗa. Da damina ta yi tsaka, rumbu ya yi ƙasa, masu saye sun yi yawa, masu sayarwa kaɗan, sai farashi shi hau. Babin farko na darasin tattalin arziki ke nan, kakanninku sun san shi tun ba a gina makaranta ba. Aikin bankin cimaka shi saya da kaka, shi ajiye cikin gari, shi sayar ma mutanen gari da rangwame lokacin noma, don kada magidanci shi bar gonarshi shi tafi ƙwadago gonar wani saboda tiya biyu.

Ku duba yadda shike mutuwa. A ce ƴan'uwa sun aiko da jika 2.000, an sayi buhu 100, kowane jika 20. Damina ta zo, kasuwa na saida buhu jika 30. Kwamiti ya ji tausayi ya ce a bayar jika 22, ai ko haka an ci jika bibbiyu. Buhu 3 sun tafi ga ɓera da ƙwari da zubewar awo. Buhu 10 an ba da su bashi ga mutanen da ake jin kunya, ba su komo ba. Saura 87, an saida su jika 1.914. An fid da jika 60 na mai gadi da magani da buhunna, saura 1.854. Kaka ta zo ba ta yi kyau sosai ba, buhu jika 24. Kuɗɗin nan buhu 77 za su saya. Daga 100 an koma 77 cikin shekara guda, ba wanda ya saci ƙwaya. Shekara uku haka, mangaza ta zama wurin kwanan awaki.

Da an yi lissafi tun farko, da an ga cewa buhu guda ya tsaya ma ƙungiya wajen tamma 21.250, in an haɗa ɗawainiya da hasarar buhu 3. Jika 22 kusan babu komi bisanshi. In an sa jika 25, aka kuma amshi kuɗɗin buhu 97 duka, za a samu jika 2.425, a fid da 60, saura 2.365, su sayi buhu 98 ko da kaka ta yi tsada. Mai saye kuwa bai cutu ba: tiya dala 125 ya biya, alhali kasuwa dala 150 take. Tausayi na gaskiya shi ne talaka shi iske hatsi cikin mangaza baɗi da baɗin waccan. Kuma a sayar da tiya-tiya, a ƙayyade ma kowane gida, in ba haka ba mai kuɗɗi shi kwashe buhu goma da sunan ƴan'uwanshi shi kai kasuwa.

Abin da muke so ku riƙe nan shi ne, uwar kuɗɗin bankin cimaka da buhu ake ƙirga ta, ba da sefa ba. Kuɗɗin takarda ba su da alkawali. Dattawan da ke biɗa Najeriya a 1984 sun tuna watan Afrilu da gwamnatin Buhari ta sauya launin naira ta rufe iyaka, ta ba da ƴan kwanaki kaɗan a canza. Masu tsohuwar naira a wanga gefe da yawa sun tashi da takardun banza, ga yunwar da anka sa ma suna El-Buhari ta biyo baya. A Janairu 1994 an karya darajar sefa da rabi: tamma guda ta Faransa da ke sefa 50 ta koma 100, kayan waje sunka hau. A 2005, bayan fara da ƙarancin ruwa na 2004, buhun hatsi ya kai jika 30 a wasu kasuwannin ƙasar ga. Ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 an sake sauya manyan takardun naira, masu ajiya cikin buhu sunka sake kuka. Duk cikin shekarun nan tiya guda ta hatsi tuwon da take yi bai ragu ba. Don haka in an gama sayarwa, kada kuɗɗi su daɗe kwance: kaka na yi a maida su hatsi.

Maganar bashi kuwa ba ta ƴan makaranta ba ce, taku ce iyayenmu. Yaro ɗan shekara 17 ba shi iya tsayawa gaban kawunshi shi ce ba a ba ka. Amma shina iya buɗe kaye shi ce doka ta hana, in ku kunka kafa dokar gaban jama'a, kunka fara bin ta bisa kanku. Wanda ba shi da ko dala, a fid da mashi daga zakka ko daga wani asusu na taimako da anka ware, a rubuta shi kyauta da sunan kyauta. Abin da ke ɓata littafi shi ne kyauta da anka rubuta da sunan bashi, shekara da shekaru ana ƙirga ta cikin dukiya, alhali kowa ya san ta tafi.

Saura tsarin mutane. Sana'a iri-iri ce. Akwai ta mutum guda, kamar mai tebur ko mai shayi: riba tashi, hasara tashi, in bashi ya kama shi har akuyar gidanshi ana iya saidawa. Akwai tarayya ta mutum biyu ko uku, wani da kuɗɗi wani da ƙarfi, wadda in ba a faɗi rabon kowa tun farko gaban shaidu ba, ƙarshenta gaban maigari. Akwai kamfani mai hannun jari, inda yawan kuɗɗinka yawan muryarka. Akwai kwaperatif, inda kowane mamba murya guda gare shi, ko buhu ɗari ya zuba ko tiya goma. Dokar OHADA kan kwaperatif, wadda anka amince da ita a Lome a Disamba 2010, ta ce mutum 5 sun isa kafa ƙaramar kwaperatif, kuma ta sa a yi kwamitin gudanarwa dabam, na sa ido dabam.

Wanga rabon aiki ma ba baƙo ba ne. Ayarin fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro shina da madugu mai shugabanci, da jagaba mai duba hanya, da uban dawaki mai tara kuɗɗin da za a biya masu ƙasa, da malamin ayari mai rubutu. Ba su tara ma mutum guda duka ba. Mu kuwa sai mu zaɓi mutum guda don amanarshi, mu ba shi mabuɗi, mu ba shi akwati, mu ba shi kaye, mu koma gida. Wannan ba girmamawa ba ce, jefa shi cikin rijiya ne. Mai mabuɗin mangaza dabam, ma'aji dabam, magatakarda mai kaye dabam, sa'an nan mutum biyu da ba su cikin kwamiti su riƙa zuwa ba sanarwa suna ƙirga buhunna.

Ƙasar ga ta daɗe tana gwada abin nan. Bayan yunwar 1931 Nasara ya tilasta rumbunan tsimi, mutane sunka ɗauke su wani haraji. A 1962 gwamnati ta kafa UNCC don kwaperatif da bashin manoma, da SONARA mai sayen gujiya, a 1970 kuma OPVN ta cimaka. An yi aiki, amma ga ganinmu manomi bai taɓa jin abin nashi ne sosai ba, tunda littafi da Faransanci shike, cikin jakar ma'aikaci. Inda anka koya ma manoma awo da rubutu da Hausa, wajen Maraɗi da Damagaram, sunka riƙa kasuwar gujiya da kansu, nan abin ya fi kama ƙasa. Ku dubi kuma Mata Masu Dubara, da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991. Mata ne mafi yawansu ba su yi boko ba. Akwati guda, kwaɗo uku, mabuɗi uku hannun mata uku, ba a buɗe shi sai gaban kowa, a ƙirga da ƙarfi kowa na ji. Dubarar nan daga Nijar ta fita ta bazu ƙasashen Afirka da yawa har da wasu nahiyoyi. Maza, ba abin kunya ba ne mu koya wajensu.

Saboda haka kayenmu da Hausa za a rubuta shi, da boko, wanda ya iya ajami kuma shi yi kwafi don malamai da dattawa su duba da idonsu. Ku ƴan'uwa na wajen biɗa, kuna da hakki bisanmu. Mun san yadda ake samun kuɗɗin nan, da dako, da turin ruwa, da gadi, da kwana bakin shago. In kun aiko ta Nita ko Al Izza, ku ɗauki hoton resi ku turo ma magatakarda, ku faɗi na mi ne: na gida, na masallaci, ko na mangaza. Wanda ya aiko da naira, abin da ta zama da sefa ranar canji shi za a rubuta. Mu kuma kowane wata uku a karanta lissafi a taron gari, a ɗauki hoton shafin a sa cikin WhatsApp na ƙungiya. Wanda bai gane wani layi ba shi tambaya, kada ma'aji shi ji an zarge shi.

Ku ƴan makaranta, ga aikinku kafin ku koma watan Oktoba. Ku kasu uku. Kashi na farko su zauna da ma'aji su juye duk ƴan takardun da ke cikin akwati zuwa kaye guda, rana bi rana. Na biyu su bi kayen bashi tare da dattijo guda, gida gida, a tabbatar da abin da kowa ya amsa da bakinshi, ba don a matsa ma kowa ba yanzu da hatsi bai nuna ba. Na uku su shiga mangaza da tiyar ƙungiya da sikeli. Kowa shi zo da kaye sabo da bik biyu, shuɗi na shiga, ja na fita. Wanda zai yi jarrabawa bana mun ɗauke mashi yawon gida gida, shi tsaya ga tara lambobi. Gobe bayan la'asar, in an taso daga gona, za a buɗe mangaza gaban mutum uku, mu fara da ƙirgar buhunnan wofi, don su anka fi mantawa.